Digirin da na yi da hular kwano a kaina

Ranar da na fara kawo wa Abba maganar, a kicin na same shi bayan sallar isha'i yana shan shayinsa. Watan Oktoba ne na 2018, ina shekarar ƙarshe ta sakandare a garin Leeds da ke arewacin Ingila. Na tsaya daga bakin ƙofa riƙe da wata takarda da aka raba mana a makaranta, na ce masa na ji labarin hanyar da zan yi digirin injiniya ba tare da mun biya ko kwabo ba, ba cin bashi, kuma har albashi za a riƙa ba ni. Ya ajiye kofi ya ce, "Mamana, wace irin hanya ce wannan?" Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba. Na ce, "Koyon aiki ne, Abba."

Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Na baro Zariya, na baro iyayena da 'yan'uwana, na kwaso ku zuwa wannan sanyi, don ki ƙare a koyon sana'a?"

Ko a lokacin ban ga laifinsa ba. Shi abin da ya sani da koyon aiki shi ne yaran gareji na Sabon Gari, waɗanda ake kai wa kanikawa idan boko ya ƙi su ko kuɗin boko ya gagari iyayensu. Yaro ya shekara yana wanke sifana yana miƙo jak, a ba shi na abinci da na sabulu, sai ranar da ubangidansa ya ga dama ya yaye shi. Sana'a ce mai albarka, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, amma mutumin da ya sha wahalar digiri uku ba ita yake yi wa 'yarsa ta fari fata ba. Abba ya zo Ingila karatu a 2009, muka biyo shi da Umma a 2011 ina da shekara goma. Da ya gama ya samu aiki, daga baya muka samu takardar zama ta dindindin. Mu huɗu ne 'ya'yansa. Albashinsa na isar haya da abinci da ɗan abin da ake aikawa gida duk wata, amma babu rarar da za a ce an ajiye don jami'a.

A lokacin kuɗin makaranta kaɗai a jami'o'in Ingila fam 9,250 ne a shekara. Shekara uku, fam 27,750 ke nan. Wanda ya yi kwas ɗin injiniya mai shekara huɗu, fam 37,000. Ba a sa kuɗin ɗaki ba, ba a sa na ci da na littattafai ba. Kusan duk 'yan ajinmu wannan lissafi bai dame su ba, saboda akwai bashin ɗalibai na gwamnati. Fom za ka cike, a biya jami'a kai tsaye, a kuma ba ka na kashewa. Ba za ka fara biya ba sai ka kama aiki albashinka ya wuce wani adadi, sannan a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura adadin. A tsarin da ya shafi 'yan shekararmu, abin da ya rage bayan shekara 30 sai a yafe. Da jin haka za ka ce ai babu sauƙin da ya fi wannan. Sai dai bashin na da ruwa, kuma ruwan yana fara hawa tun ranar da aka biya kuɗin farko, kana aji kana karatu. A shekarar da nake neman gurbi ruwan ya kai kashi 6.3 cikin ɗari.

A nan gizo yake saƙar. Abba bai taɓa cin bashi mai ruwa ba. Gidan haya muke ciki har yau saboda ya ƙi karɓar bashin banki ya sayi gida, kuma duk motar da ya taɓa hawa tsohuwa ce da ya biya kuɗinta hannu da hannu. Na san malamai a Birtaniya sun yi saɓani kan bashin ɗalibai. Akwai waɗanda suka halatta shi don lalura ko don yadda aka tsara biyansa, akwai waɗanda suka ce riba riba ce. Ina da ƙawaye masu tsoron Allah da suka karɓa bisa fatawar malamansu, kuma ban taɓa yi musu kallon masu laifi ba. Amma a gidanmu an riga an tsaya a kan magana ɗaya, ni ma kuma zuciyata ba ta natsu da shi ba. Tun a 2013 Firaminista David Cameron ya yi alƙawari a wani taron tattalin arzikin Musulunci da aka yi a Landan cewa za a samar wa ɗalibai Musulmi tsarin da babu ruwa a cikinsa. An yi ta shawarwari, an sa shi a doka a 2017, amma da na zo shiga jami'a babu shi, kuma har na gama a 2024 ba a fara shi ba. Wannan jinkiri ya ci mini rai matuƙa, don na san 'yan mata masu ƙwaƙwalwa da suka haƙura da jami'a gaba ɗaya saboda shi.

Shirin Abba shi ne in zauna a gida in riƙa zuwa jami'ar cikin gari, shi kuma ya ƙara aikin dare, Umma ta sayar da gwal ɗinta, a nemi rance wajen abokai. Na ji suna wannan lissafi wani dare ta bangon ɗakina. Ina kwance ina ƙirga ƙannena uku da ke tafe a bayana, barci ya ƙaurace mini.

Malamarmu ta lissafi ce ta fara nuna mini wannan ƙofa. Ta san tun ambaliyar da aka yi a ƙarshen Disambar 2015, lokacin da kogin Aire ya cika ya shanye unguwar Kirkstall, nake tambayar yadda ake tsare gari daga ruwa, wa ke lissafa tsayin katanga, wa ke cewa kwalbati kaza zai iya ɗaukar ruwa kaza. Ita ta gaya mini aikin injiniyoyin gine-gine ne, ita ce kuma ta ce akwai abin da ake kira degree apprenticeship, wato digirin koyon aiki. Da Umma ta ga maganar ta tsaya tsakanina da Abba, sai ta lallashe shi ya je ya ga malamar ranar taron iyaye. "Ka ji daga bakinta," in ji ta, "idan bai yi maka ba shi ke nan, babu wanda zai tilasta maka."

Tambayarsa ta farko ita ce wa yake biya. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, babu kamfanin da zai zuba wa 'yar wani dubban fama-famai don Allah. Malamar ta yi masa bayani dalla-dalla. An fara tsarin a Ingila a 2015. Daga Afrilun 2017 gwamnati ta ɗora haraji na musamman a kan duk ma'aikatar da jimillar albashin da take biya a shekara ya wuce fam miliyan 3, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan albashi. Kuɗin na taruwa a wani asusu da ma'aikatar ba ta iya taɓawa sai don biyan horon 'yan koyon aiki, kuma a lokacin abin da ba a kashe ba cikin wata 24 ya tafi ke nan. Ashe kamfani ba sadaka yake yi ba. Kuɗin da aka riga aka cire masa yake ƙoƙarin mora, ya kuma samu ma'aikacin da ya raina da hannunsa. Ƙananan kamfanoni da harajin bai hau kansu ba su ma suna iya ɗauka, a lokacin sukan biya ɗan kaso kaɗan gwamnati ta cike sauran. Da Abba ya ji akwai abin da kamfanin ke samu, sai na ga ya gyara zama. Abin da ba shi da dalili ne yake tsoro.

Tambaya ta biyu ita ce ta takardar shaida. Malamar ta ce digirin na jami'a ne, jami'a ce ke koyarwa, ita ke jarrabawa, ita ke ba da shaida, kuma matsayinsa ɗaya da na wanda ya zauna a aji shekara uku. Bambancin shi ne ɗan koyon aiki ma'aikaci ne tun ranar farko. Yana da takardar ɗaukar aiki, yana da albashi, yana da hutun shekara mai biya, aƙalla kwana 20 ban da ranakun hutun ƙasa. A wancan lokacin doka ta ce kashi 20 cikin ɗari na lokacin aikinsa na karatu ne, wanda galibi yake zama kwana ɗaya a mako, ko kuma a tara shi a tafi jami'a na mako guda ko biyu a jere. Daga baya, a 2022, aka mayar da ƙa'idar zuwa aƙalla awa shida a mako. Tunda an raba lokaci biyu, karatun ya fi daɗewa, shekara uku zuwa shida gwargwadon fanni. Nawa biyar ne.

A mota muna komawa gida Abba bai ce uffan ba. Sai da ya kashe mota a ƙofar gida ya ce, "Mamana, ki nema. Amma ki cike na jami'a ma. Ba a sakin reshe a kama ganye."

Wannan shawara tasa ita ce ta farko da nake ba duk wanda ya tambaye ni, domin hanyoyin biyu ba sa hana juna. Neman jami'a a Birtaniya ta UCAS ake yi, wato cibiyar da ke karɓar takardun masu neman gurbi, fom ɗaya, zaɓi biyar, kuma a shekararmu 15 ga Janairu aka rufe. Digirin koyon aiki kuwa ba jami'a kake nema ba, aiki kake nema. Kowane kamfani da ranar da yake buɗewa da ranar da yake rufewa, wasu tun Oktoba ko Nuwamba, wasu sai bazara, wasu kuma da zarar sun ga masu nema sun yi yawa sai su rufe ba sanarwa. Akwai shafin gwamnati da ake jera guraben, UCAS ma na jera wasu, amma da yawa sai ka bi shafukan kamfanonin ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ne kuma ke zaɓar jami'ar da zai tura ka. Mai burin a ce shi ɗan jami'a kaza ne, ya san da wannan tun da wuri.

Wurare goma sha ɗaya na nema. Wahalar da na sha a watannin nan ta fi ta jarrabawar kanta. Bayan fom sai gwaji ta intanet, lissafi da tunani cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ya tsallake sai intabiyu ta bidiyo, wadda babu mutum a ɗaya ɓangaren: tambaya ta fito a allo, a ba ka 'yan daƙiƙu ka yi tunani, kyamara ta fara ɗauka. An tarbiyyantar da ni a kan kada in yabi kaina, kada in zura wa babba ido, in an yi magana in saurara. Nan kuwa ana so in buɗe baki in ce ni na yi kaza, ni na jagoranci kaza. Wurare huɗu na farko duk a wannan mataki na faɗi. Wasu sun aiko da saƙon haƙuri, wasu ko amsa babu. Umma ce ta zauna da ni dare da dare tana riƙe da waya tana ɗaukata, tana cewa, "Ɗaga kanki. Faɗin abin da kika yi ba girman kai ba ne, shaida ce kike bayarwa."

Biyu ne suka kira ni zuwa matakin ƙarshe, inda ake tara masu nema wuni guda, a ba su aiki a rukuni ana kallon yadda kowa ke magana da saurare, sannan a yi intabiyu ido da ido. A nan na lura da wani abu da har yau yake damuna. Da yawa daga cikin waɗanda muka haɗu da su iyayensu injiniyoyi ne, ko makarantarsu ta horar da su a kan irin wannan rana, ko sun taɓa yin mako guda a ofishin abokin babansu. Tsarin da ya kamata ya fi amfanar ɗan talaka, masu hanya sun riga sun gane daɗinsa. Guraben kaɗan ne, kuma wani kaso mai yawa kamfanoni na ba ma'aikatansu na da ne, ba yaran da suka fito daga sakandare ba. Duk wanda ya ce maka wannan hanya ta waɗanda suka kasa samun jami'a ce, bai gwada ba. Jami'o'i huɗu cikin biyar sun ba ni gurbi ba tare da sun ga fuskata ba. Kamfani ɗaya tak cikin goma sha ɗaya ya ɗauke ni, shi ma da sharaɗin in kawo sakamakon da suka gindaya, musamman a lissafi.

Jarrabawar A-level, wato ta kammala sakandare, ta faɗo mana cikin azumin 2019, a Mayu da farkon Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Leeds sai wajen ƙarfe tara na dare. Sakamako ya fito ranar Alhamis 15 ga Agusta, kwana huɗu bayan Babbar Sallah. Na samu abin da ake nema. Na kira kamfanin, sannan na shiga UCAS na saki gurbin jami'ar da na riƙe. Hannuna na rawa lokacin da nake dannawa. Abba na tsaye a bayana, ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Da aka tambaye shi a zauren WhatsApp na dangi wace jami'a na samu, sai ya rubuta cewa zan karanta injiniya, bai ƙara komai ba. Na gani, kuma ya yi mini ciwo, amma na yi shiru.

A watan Satumba na fara. Ranar farko aka ba ni hular kwano, riga mai ƙyalli da takalmi mai ƙarfe a baki. Na nemo hijabi mai kama kai wanda ba ya buƙatar fil, don kada wani abu ya saƙale shi. Albashina na farko ya ɗan haura fam dubu goma sha bakwai a shekara. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya ɗan koyon aiki a lokacin fam 3.90 ne a awa, kuma akwai masu biyan hakan, don haka a duba albashi da kyau kafin a sa hannu. Ɗan koyon aiki ba ya samun kuɗin kashewa irin na ɗalibai. Idan aikin a wani gari yake, daga albashin nan za ka biya ɗaki da abinci da mota. Ni Allah ya taimake ni ina gida. Da kuɗin wata na farko ya shigo, na cire na sayo wa Umma atamfa, na sa sauran a ambulan na kai wa Abba. Ya ƙi karɓa. Ya ce in buɗe asusu in riƙa tarawa, akwai ranarsa.

Kwana huɗu ina wurin aiki, ranar Laraba ina jami'a daga tara na safe zuwa shida na yamma. Abin da ɗaliban cikakken lokaci ke yi a warwatse cikin mako, mu a wuni ɗaya ake ɗura mana. Aikin gida da karatun jarrabawa kuwa sai dare da Asabar da Lahadi. Kashi 20 ɗin nan da doka ta ba ka ba ya isa, kowa ya sani. Ƙawayena na sakandare suna hutun wata uku a bazara, ni ina tsaye a cikin taɓo da sandar awo ƙarfe bakwai da rabi na safe. Suna shiga ƙungiyoyin ɗalibai suna yin sababbin ƙawaye, ni abokan hirata maza ne sa'o'in Abba. Na yi kewar abin da ban taɓa samu ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Wanda ke son rayuwar jami'a don ita kanta, da zaman laburare da muhawara da samun lokacin canza ra'ayi a kan abin da yake so ya zama, wannan hanya za ta ƙuntata masa. Tun kana shekara goma sha takwas ka ɗaure kanka da sana'a ɗaya.

A wurin aikina na farko bayin mata a kulle yake, an mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, sai da na yi magana sau uku aka buɗe. Salla kuwa a ɗakin shanya rigunan ruwa nake yi, a kan kwali. Wani dattijo mai tuƙa motar haƙa, wanda ba Musulmi ba, shi ya lura, ya share mini wani lungu a ofishin katako ya ce ba wanda zai shiga idan na rufe. Har yau ina yi masa fatan alheri. Wanda ya fi ba ni wahala wani manaja ne da ya ɗauki ranar karatuna kamar alfarma yake yi mini. Duk ranar Talata da yamma sai ya ce gobe za a zuba kankare, ana buƙatata. Sau biyu na bi shi na rasa lakca. Abin da ya cece ni shi ne zaman da ake yi duk bayan kimanin wata uku tsakanin ɗan koyo da wakilin kamfani da wakilin jami'a, inda ake duba awannin karatun da ka rubuta. Na kawo littafina na nuna ranakun da aka hana ni. Ban ɗaga murya ba, takarda ce ta yi magana. Daga ranar bai sake ba. Tun farko akwai yarjejeniya da ɓangarorin uku ke sa wa hannu, kuma wannan lokaci haƙƙinka ne a rubuce.

Ina wata na bakwai annobar korona ta rufe ƙasar a Maris 2020. Karatu ya koma ta kwamfuta. An tura ni gida na 'yan watanni a ƙarƙashin tsarin da gwamnati ke biyan kaso mafi yawa na albashi, aka ce in ci gaba da karatu. A nan na ga raunin wannan hanya da idona. Wani ɗan ajinmu kamfaninsu ya rage ma'aikata har da shi. Tunda digirin a jikin aikin yake rataye, sai karatunsa ya shiga haɗari. Ana ci gaba da biyan kuɗin horon na ɗan lokaci, mako 12 ga wanda bai yi nisa ba, don ya nemi wani kamfanin da zai karɓe shi. Shi ya samu da kyar. Makonnin nan duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

A shekara ta uku na faɗi jarrabawar ilimin ƙasa da harsashin gini. Ta zo daidai da lokacin da muke aikin dare a kan wata hanya, ina dawowa da asuba in yi salla in kwanta awa uku in tashi in buɗe littafi. Da na ga sakamakon na zauna a mota na yi kuka mai isata. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba a rayuwata, ga shi kuma dole kamfani ya sani, don su ke biya. Na yi zaton Abba zai ce dama ya faɗa. Da na gaya masa sai ya ce, "Kawo littafin." Ba fanninsa ba ne, amma lissafi lissafi ne. Mako shida muna zama a teburin kicin ɗin nan bayan isha'i. Wata rana ina yi masa bayanin yadda yumɓu ke riƙe ruwa ya daɗe yana sauka a ƙarƙashin nauyi, sai na ɗauko hoton ramin gwaji da na tsaya a kansa da kaina, na nuna masa inda launin ƙasa ya canza. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Ya ce shi sai da ya gama digirinsa na farko kafin ya taɓa abin da ya karanta da hannunsa. Na sake jarrabawar a bazara na ci. Bayan nan ne na ga ya tura wa Baffa hotona da hular kwano, ya rubuta masa dogon bayani a kan yadda tsarin yake, har da maganar harajin.

Abin da wannan hanya ta ba ni wanda aji kaɗai ba zai ba ni ba shi ne wannan haɗuwa. Ranar Laraba a koya mini yadda ake lissafa rodin da ke cikin katanga, ranar Alhamis in tsaya da zane a hannu ina ƙirga rodin kafin a zuba kankare, in ga inda maƙerin rodi ya ce zanen ba zai yiwu ba, kuma gaskiyarsa. Leburori da kafintoci sun koya mini abin da ba ya cikin littafi, malamai sun koya mini dalilin abin da leburori ke yi. Kowace shekara albashina na ƙaruwa, nauyin da ake ɗora mini ma haka.

Na gama digirin a bazarar 2024. Ranar bikin yaye ɗalibai riga ɗaya muka sa da kowa, layi ɗaya muka bi. Amma digirin ba shi ne ƙarshe ba. Akwai gwajin kammala koyon aiki, wanda waɗanda ba su koyar da kai ba suke yi maka. A wasu fannoni an haɗe shi da digirin, a namu daban yake: na rubuta rahoton ayyukan da na yi, na tsaya gaban ƙwararru daga ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1818, suka yi mini tambayoyi a kan kowane hukunci da na ce na yanke. Na tsallake a farkon 2025. Ina da shekara ashirin da huɗu, da digiri, da shekara biyar ta aiki, kuma ba a bina ko fam ɗaya. Alhamdu lillahi.

Tun da labarin ya bazu a dangi nake samun saƙo daga gida, daga Zariya da Kaduna da Kano, ana tambaya yadda yaro zai nema daga can. Ina jin nauyin amsar amma gara in faɗe ta yadda take. Wannan ba hanyar zuwa Ingila ba ce. Sai wanda yake zaune a ƙasar, yake da izinin aiki, kuma galibi ya shekara uku a cikinta kafin ya fara. Bizar ɗalibi ba ta ba da wannan dama. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yaro gurbin daga Najeriya ko Nijar, a yi hattara da shi. Tsarin da na bayyana kuma na Ingila ne. Skotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace da nata da ƙa'idojinta. Ga iyayenmu da ke zaune a nan kuwa, ina roƙon su daina jin kalmar koyon aiki suna kawar da kai. Ana yin sa a aikin jinya, da aikin ɗan sanda, da lauya, da kwamfuta, da banki, da safiyo. A fara dubawa tun yaro na shekarar farko ta A-level, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowane fanni ne ke da wannan ƙofa ba, kuma a gidanmu muka gani. Ƙanwata mai bi mini harhaɗa magunguna take so tun tana ƙarama. Mun duba ko'ina ba mu samu gurbin koyon aiki a fanninta ba, tsarin da babu ruwa da aka yi alƙawari kuma shiru. Kwas ɗinta shekara huɗu ne, kuɗin makaranta ya koma fam 9,535 a 2025. Daren da takardar karɓarta ta zo, muka zauna a kicin mu huɗu, Abba da biro da takarda kamar yadda na taɓa jin su ta bango. Na ɗauko bayanin asusun da ya sa ni buɗewa a 2019 na ajiye a gabansa. Ya duba ya ce, "Mamana, wannan ai na aurenki ne." Na ce masa ai shi ya ce akwai ranarsa. Muka raba: ni shekara biyu na farko, shi ta uku, ta huɗu kuma ita za ta tara daga aikin da take yi ranakun Asabar a wani kantin magani, abin da ya gaza mu cike. Gwal ɗin Umma yana nan a akwatinta. A watan Satumba na biya kason farko, ta fara zuwa aji.